Limoges: Tarihin ƙungiyar ƙwallon kwandon da haifaffen Abijan ya jagoranta ta ci kofin Turai

Daga wakilinmu a Abijan

Duk wanda ya taɓa tsayawa jiran jirgin ruwan SOTRA a tashar bakin ruwa ta Treichville, wato jirgin nan da mutanen gari ke kira bato-bis mai tsallaka da jama'a zuwa Plateau da Abobo-Doume, ya san cewa da wuya a yi zaman jira ba a taɓo hirar ƙwallo ba. Idan kuwa hirar ta kai ga 'ya'yan Abijan da suka yi suna a Faransa, sunan da ke fara fitowa shi ne Basile Boli, haifaffen Adjame, wanda ya ci wa Marseille ƙwallo da ka a ragar AC Milan ranar 26 ga Mayu, 1993, ƙungiyar ta ɗauki kofin zakarun Turai. Galibin mu haka muka ɗauka, cewa wannan shi ne karon farko da wata ƙungiyar Faransa ta ɗaga babban kofin zakarun Turai.

To amma ba haka abin yake ba. Kwana 41 kafin wannan dare na Boli, wani haifaffen Abijan ɗin ya riga shi ɗaga irin wannan kofi, sai dai shi a fagen ƙwallon kwando ne. Sunansa Richard Dacoury, kyaftin ɗin ƙungiyar Limoges CSP. Tarihin wannan ƙungiya muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu a yau, musamman 'yan'uwa 'yan kasuwa na Jibiya da Ɗan Isa da Illela da Birnin Ƙonni da Maigatari, domin kuwa labari ne na ƙaramin jari da ya bunƙasa ya gagari manya, sa'annan bashi ya durƙusar da shi har sau biyu.

Asalin ƙungiyar

Limoges gari ne da ke tsakiyar Faransa, kimanin kilomita 400 kudu da Paris, kuma mutanensa ba su wuce dubu 130 da 'yan kai ba. Abin da aka san garin da shi tun da daɗewa shi ne ƙera tangaran, irin farantai da kofunan shayin nan masu tsada. A 1929 aka kafa ƙungiyar a matsayin wurin tara matasan unguwa a ƙarƙashin cocin Saint-Pierre, inda ta samo sunanta na Cercle Saint-Pierre, wanda ake taƙaitawa CSP. Ta shafe shekaru kusan hamsin tana fafatawa a ƙananan rukunai, ba ta samu shiga rukunin farko na ƙasar ba sai a 1978.

A wannan shekarar ce ta ɗauko Dacoury yana ɗan shekara 19. An haife shi a Abijan ranar 6 ga Yuli, 1959, amma a Faransa ya tashi, kuma ita ya buga wa wasa a matsayin ƙasa. Ya zauna a Limoges shekara 18 cur, daga 1978 zuwa 1996, abin da ba kasafai ake gani ba a wannan sana'a da 'yan wasa ke bin inda farashi ya fi tsoka. A 1981 garin ya buɗe zauren wasa na Beaublanc, wanda daga baya ya zama dodon baƙi saboda irin ihun da magoya baya ke yi a cikinsa.

Shekarun girbi

Tun daga nan sai ƙofa ta buɗe. A 1982 Limoges ta ci Kofin Korac, ɗaya daga cikin kofunan Turai na wancan lokaci, bayan ta doke ƙungiyar Sibenka ta tsohuwar Yugoslabiya, ta kuma sake doke ta a wasan ƙarshe na 1983. Mai horarwa a lokacin shi ne Andre Buffiere, kuma Ba'amurke Ed Murphy ne ke zuba musu maki. A cikin gida ta zama zakaran Faransa sau uku a jere, 1983 da 1984 da 1985, ta ɗan huta, ta sake jera wasu ukun a 1988 da 1989 da 1990 a hannun Michel Gomez. A 1988 ɗin ma ta haɗa da kofin Turai na ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙasashensu, inda ta doke Joventut Badalona ta Sifen a garin Grenoble. Sunanta ya kai inda a 1991 aka haɗa ta wasa da Los Angeles Lakers ta su Magic Johnson a Paris. Ta sha kashi, amma dai duniya ta san da ita.

Abu guda ya rage, shi ne babban kofin zakarun Turai, wanda a lokacin ƙungiyoyin Italiya da Sifen da Yugoslabiya suka mayar tamkar gadon gidansu.

Daren 15 ga Afrilu, 1993

Domin cim ma wannan buri, shugabannin ƙungiyar suka ɗauko Bozidar Maljkovic, mai horarwa ɗan Sabiya da ya riga ya ci kofin sau biyu, a 1989 da 1990, tare da ƙungiyar garin Split. Mutumin ya duba 'yan wasan da ke hannunsa, ya ga cewa ba su da taurarin da za su yi tseren zuba maki da manyan Turai, sai ya sauya dabara. Ga waɗanda ba su saba kallon wasan ba, a ƙwallon kwando mutum biyar-biyar ne ke karawa, kuma a ƙa'idar wancan lokaci ƙungiya na da daƙiƙa 30 ta jefa ƙwallo a kwando, in ba haka ba a karɓe a ba abokan karawa. Maljkovic ya umarci yaransa da su riƙa cinye kusan dukkan waɗannan daƙiƙu kafin su jefa, sa'annan idan ƙwallo ta koma hannun abokan karawa su tsare su kamar mai gadin rumbu. Ta haka yawan jifa ya ragu, tauraro kuma ba ya samun sararin nuna bajintarsa. Masu son ado sun yi ta sukar salon da cewa ba shi da daɗin kallo, amma dai ya biya.

An yi zagayen ƙarshe na ƙungiyoyi huɗu a Piraeus, tashar jiragen ruwa ta birnin Atina a ƙasar Girka. A wasan kusa da na ƙarshe Limoges ta gamu da Real Madrid mai ƙaton ɗan wasan nan Arvydas Sabonis, ta doke ta da ci 62 da 52. A wasan ƙarshe sai ga Benetton Treviso ta Italiya, wadda ke taƙama da Toni Kukoc, gwanin da ake ganin babu kamarsa a Turai a lokacin, kuma tsohon yaron Maljkovic ne a Split. Har aka tafi hutun rabin lokaci Italiyawa ne a gaba. Bayan an dawo Limoges ta riƙa cike giɓin sannu a hankali, Ba'amurke Michael Young yana zuba maki, Dacoury da Jim Bilba suna tsaron gida. Ana cikin daƙiƙun ƙarshe, ƙwallo na hannun Kukoc, kowa na jiran ya yi abin da ya saba, sai wani matashi mai suna Frederic Forte ya zura hannu ya fizge ta. Aka tashi 59 da 55. Mai karatu ya riƙe sunan wannan matashi, domin zai sake fitowa a labarin.

Kukoc ne aka ba kyautar gwarzon zagayen, kuma a shekarar ya wuce Chicago Bulls ta Amurka, amma kofi dai hannun Dacoury ya shiga. Limoges ta haɗa da kofin Faransa na 1993 da na 1994. Dacoury ya bar ta da kambun zakaran ƙasa guda takwas, ya je Paris ya ƙara na tara a 1997, kuma ƙungiyar ta jingine rigarsa mai lamba 7, babu wanda zai sake sanya ta.

Inda bango ya tsage

Kowane ɗan kasuwa ya san cewa cikar rumfa da kaya ba ita ce riba ba. Zama a sahun manyan Turai yana buƙatar albashi mai nauyi da tafiye-tafiye masu tsada, alhali garin ƙarami ne, kuɗin ƙofa da na masu tallafi kuma suna da iyaka. Ƙungiyar ta riƙa kashe abin da ya fi ƙarfin aljihunta, bashi yana taruwa ana rufawa da kofuna. A kakar 1999 zuwa 2000 asiri ya tonu, har batun ya kai gaban masu bincike, ana ta maganar rushe ƙungiyar tun kafin kaka ta ƙare.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa har gobe mutanen garin ke ji da wannan kaka. 'Yan wasan, ƙarƙashin kyaftin Yann Bonato da mai horarwa Dusko Ivanovic, suka yarda aka rage musu albashi domin a kai ƙarshen kaka. Da wannan hali suka ci kofi uku a 2000: kofin ƙalubale na Faransa, da Kofin Korac bayan sun doke Malaga ta Sifen, da kuma kambun zakaran ƙasa. Amma hukumar da ke duba littattafan kuɗin ƙungiyoyi ba ta duba kofi ba, lissafi ta duba. Aka sauke zakaran Faransa zuwa rukuni na biyu, taurarin suka watse.

Ta dawo rukunin farko a 2001, sai dai ba a yi maganin ciwon ba. A 2004 ƙungiyar ta karye ƙarara, aka tura ta rukuni na uku, inda take karawa da ƙananan garuruwa, shekara 11 kacal bayan ta zama zakaran Turai.

Wanda ya fizge ƙwallo ya dawo

A nan ne Frederic Forte, wanda ya fizge ƙwallon nan daga hannun Kukoc, ya dawo ya karɓi shugabancin ƙungiyar a 2004. Jarin da ya tarar bai wuce suna da magoya baya ba, domin mutanen Limoges ba su daina zuwa Beaublanc ba ko da ƙungiyar na rukuni na uku. Da wannan aka fara gini daga tushe. Ta hau rukuni na biyu a 2006, ta shiga na farko a 2010, ta sake faɗowa a 2011, ta koma a 2012. A 2014 ta doke Strasbourg ta zama zakaran Faransa, ta kuma maimaita a kan Strasbourg ɗin a 2015, wanda ya kai kambunanta 11. A cikin 'yan wasan da suka ci waɗannan biyun akwai Frejus Zerbo, wanda ya sanya rigar ƙasar Kodebuwa. Forte ya rasu ranar 31 ga Disamba, 2017, yana da shekara 47. A 2024 ma matsalar kuɗi ta sake tasowa, har sai da ƙungiyar ta sauya hannu kafin aka bar ta a rukunin farko.

Mu ma muna da namu

Daga tashar bakin ruwa zuwa zauren wasanni na Palais des Sports duk cikin Treichville ne, kuma wannan zaure shi ne gidan ƙwallon kwando a Abijan. A cikinsa aka yi gasar ƙasashen Afirka ta 2013, wadda Angola ta ci, Kodebuwa ta zo ta huɗu. Kafin nan ƙasar ta ci kofin Afirka a 1981 a Mogadishu, da 1985 a nan gida, ta kuma zo ta biyu a 2009 da 2021. A ɓangaren ƙungiyoyi, ASEC Mimosas ta ci kofin zakarun Afirka a 1989 da 2000. Ita kuwa Abidjan Basket Club, wadda ake kira ABC, an kafa ta ne a 1997, kuma shekara takwas bayan haka, a 2005, ta je Abuja ta ɗauko kofin zakarun Afirka, Stephane Konate ya zama gwarzon gasar. A 2023 ta shiga gasar BAL da hukumar NBA ta Amurka ke da hannu wajen shiryawa, ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas a Kigali.

Ke nan gwaninta ba ta yi mana ƙaranci ba. Abin da tarihin Limoges ke nuna mana shi ne cewa gwaninta kaɗai ba ta riƙe ƙungiya. Da yawa daga cikin masu karatunmu su ne iyayen ƙungiyoyin matasa a garuruwansu, su ke sayen riguna, su ke biyan kuɗin mota idan za a je wasa wani gari, kuma sau da yawa nauyin duka yana wuyan Alhaji guda ne, ranar da kasuwarsa ta ja baya ƙungiya ta mutu. Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya kamata kowace ƙungiya, komai ƙanƙantarta, ta samu ma'aji da littafin shiga da fita da za a riƙa karantawa a gaban mambobi, a kuma tsaya a kan abin da aljihu zai iya, kamar dai yadda muke yi a adashi da ƙungiyoyin kasuwa. Abin da ya kayar da Limoges bashin da aka ɓoye ne, abin da ya tashe ta kuwa amanar mutanen gari ce da ba su guje ta ba.

Saboda haka idan Allah Ya kawo ɗayanku Abijan da albasa ko shanu, ko ya zo sarin goro a Anyama, hira kuma ta biyo ta kan Boli a Adjame ko a bakin ruwan Treichville, sai ya tuna wa jama'a cewa a 1993 'ya'yan Abijan biyu ne suka kai wa Faransa kofin Turai, kuma Dacoury ne ya riga. Gani ga wane dai, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu.