Ko Kun Sani? Agogon Unix Zai Cika a 2038

Tsarin Unix daƙiƙa yake ƙirgawa, ɗaya bayan ɗaya, tun daga 1 ga Janairun 1970. A na'urorin da ke ajiye wannan lissafi a bit 32, mudun zai cika ranar 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 3:14 na dare agogon GMT, nan take kwanan wata ya koma Disambar 1901. Wani zai ce ai yawancin kwamfutocin yau bit 64 ne, Linux ma ta toshe wannan kafa tun sigar 5.6 a 2020. Haka ne, amma gyaran bai isa tsofaffin na'urorin masana'antu da manhajojin da aka daina sabuntawa ba. Masu kula da kwamfutoci, ku bincika naku tun yanzu.