Makarantar Tudun Mun Tsira: Yadda Ɗalibi Mai Son Kiɗa Ke Zaɓen Jami'a a Amurka

A Amurka, ɗalibin da ke ajin ƙarshe na sakandare yakan nemi gurbi a jami'o'i da dama a lokaci guda. Fam ɗin intanet da ake kira Common App, wanda makarantu fiye da 1,000 ke karɓa, yana ba shi damar neman har guda 20. Masu ba ɗalibai shawara sukan kasa jerin makarantun gida uku. Akwai na gwada sa'a, irin su Harvard da ke ɗaukar ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na masu nema. Akwai na daidai ruwa daidai tsaki, inda sakamakon ɗalibin ya yi kunnen doki da na waɗanda ake ɗauka. Sai kuma na tudun mun tsira, wato makarantar da kusan babu shakka za ta ɗauke shi idan sauran suka juya masa baya.

Abin mamaki, ɗalibi mai ƙoƙari shi ya fi yin sakaci da wannan kashi na uku. Yaron da ya saba zuwa na ɗaya a aji, ya kuma ci maki 1,500 cikin 1,600 a jarrabawar SAT, yakan ɗauka cewa ko ina ya ƙwanƙwasa za a buɗe. Amma manyan jami'o'in nan kowace shekara suna mayar da dubban masu irin wannan maki, domin gurabe ba su kai yawan gwanaye ba. Makarantar da ke ɗaukar mutum ɗaya cikin biyar ba tudun tsira ba ce ga kowa, komai kaifin ƙwaƙwalwarsa. Ta gaskiya ita ce wadda ke karɓar mafi yawan masu nemanta, kuma makin ɗalibin ya zarce na akasarin waɗanda ta ɗauka bara.

Idan aka sa kiɗa cikin lissafin, sai lamarin ya ƙara sarƙewa, kuma tambayar farko ita ce wane irin digiri ake so. Digirin BM na mai son mayar da kiɗa sana'a ne, kuma kiɗan ne ke cinye mafi yawan darussansa. Digirin BA kuwa yana barin fili ga tarihi ko lissafi ko kimiyya, kuma a makarantu da yawa ana shigarsa ba tare da gwajin kiɗa ba. Akwai kuma ɗalibin da likitanci ko injiniyanci ne a ransa, amma ba ya son rabuwa da piyanonsa. Kowanne da tudun da ya dace da shi.

Mai neman BM ƙofa biyu ce a gabansa. Jami'a ta duba takardunsa, sashen kiɗa kuma ya saurari hannunsa ko muryarsa. Galibi yakan aika faifan bidiyo na share fage zuwa 1 ga Disamba, waɗanda suka tsallake kuma a gayyace su tsakanin Janairu da Maris. Ranar gwajin zai shiga ɗaki ya tarar da 'yan malamai a bayan tebur, ya fara waƙar da ya shafe watanni yana bita, wataƙila a dakatar da shi tun bai kai rabi ba a ce ya kawo ta gaba. Cikin kwata ɗin awa an gama. Sannan yawan gurabe ya danganta da kayan kiɗan. Malamin obo, wata 'yar uwar algaita mai siririyar murya, ba zai ɗauki sabbin ɗalibai ba sai gwargwadon waɗanda suka kammala a hannunsa, kuma wata shekarar biyu ne kacal. Saboda haka duk shirin da ake shiga ta gwaji bai cancanci a kira shi tudun tsira ba. Jami'ar Indiana da ke Bloomington tana ɗaukar mafi yawan masu nemanta, amma makarantar kiɗanta ta Jacobs na cikin masu wuyar shiga a ƙasar. Haka Jami'ar North Texas da ke Denton, wadda ta fara ba da digiri a fannin jaz tun 1947. Makarantun kiɗa irin su Juilliard ta New York da Curtis ta Philadelphia kuwa gwada sa'a ne ga kowa.

Dabarar da ta fi kwantar da hankali ita ce a sa aƙalla makaranta ɗaya da za ta ɗauki yaron bisa takardunsa kawai, amma kiɗa yana da rai a cikinta. Ƙananan kwalejoji irin su St. Olaf a jihar Minnesota, wadda ƙungiyar mawaƙanta ta shahara tun kafuwarta a 1912, da Lawrence a Wisconsin, sun fi Harvard sauƙin shiga nesa ba kusa ba, kodayake su ma digirinsu na BM sai da gwaji. A nan akwai tambayoyin da ya kamata a yi wa sashen kiɗa kai tsaye, domin ƙasidun talla ba sa amsa su. Shin wanda ba kiɗa yake karanta ba zai iya shiga babbar ƙungiyar makaɗa? Farfesa ne zai koya masa ko ɗalibin digiri na biyu? Ɗakunan bita a buɗe suke ga kowa? Sau da yawa makarantar da ta yi suna a kiɗa ita ce ta fi ƙuntata wa irin wannan ɗalibi, domin kujerun duka na masu BM ne.

Kuɗi shi ne ƙofa ta ƙarshe, kuma gurbin da iyaye ba za su iya biya ba tamkar babu shi ne. Wasu jami'o'i masu zaman kansu sun haura dala 80,000 a shekara idan aka haɗa da ɗaki da abinci. Tun 2011 doka ta wajabta wa makarantun da ke karɓar tallafin tarayya su sa ma'aunin ƙiyasin kuɗi a shafinsu na intanet, kuma ya kamata a gwada shi kafin a cike fam. Jami'ar gwamnatin jihar da ɗalibi yake zaune takan fi araha, kuma da yawa daga cikin irin waɗannan jami'o'i suna ba da amsa cikin 'yan makonni, don haka yaro kan shiga lokacin gwaje-gwaje da gurbi ɗaya a aljihu. Ranar 1 ga Mayu ce aka saba yanke shawarar ƙarshe.

Ɗalibin da ke nema daga Najeriya ko Nijar ko Ghana ba ya samun tallafin gwamnatin tarayyar Amurka, kuma sai ya nuna shaidar kuɗin shekarar farko kafin a ba shi takardar I-20 ta neman biza. Idan yana buƙatar cikakken tallafi, babu wata makaranta a can da za ta zame masa tabbas. Tudun tsirarsa na gaskiya yakan kasance a gida, a sashen kiɗa irin na Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, yayin da yake jiran amsa daga ƙetare.