Yadda ake sake ƙera kayan yaƙin mutanen da

Yara, duk wanda ya taɓa kallon hawan salla a Damagaram, ko Katsina, ko Kano, ya ga ƴan lifida. Mahayi da dokinsa a lulluɓe suke da riga mai kauri, mai launi iri-iri. Wani kuma yana sanye da sulke, da kwalkwali a kansa. A yau ado ne waɗannan kaya. A da kuwa, da su mayaƙi yake tsare ransa.

A ƙasashen Turai ma akwai mutane masu sake yin irin waɗannan kaya. Suna ɗinka tufafi, suna ƙera sulke da kwalkwali irin na wani zamani da ake kira zamanin tsakiya. Da Faransanci sunansa Moyen Âge. Ya fara wajen shekara ta 500, ya ƙare wajen shekara ta 1500. In sun gama shiri sai su taru a fili, su kwaikwayi wani yaƙi na tarihi, jama'a na kallo. Misali, a Ingila akan yi haka a watan Oktoba, a wurin da aka gwabza yaƙin Hastings a shekara ta 1066.

Wannan wasa yana da doka babba: kada a nuna wa mutane ƙarya. Yaron da ya zo kallo zai koma gida da abin da idonsa ya gani. In kayan ba daidai suke ba, to, ya koyi tarihin da ba a yi ba. Ga misali. Mutane da yawa sun ɗauka mayaƙan arewacin Turai da ake kira Viking suna sa kwalkwali mai ƙaho. Ba a taɓa tono irin wannan kwalkwali na zamaninsu ba. Masu zane da masu ɗinkin kayan wasan kwaikwayo ne suka yaɗa shi a ƙarni na 19, har ƙaryar ta zauna a zukatan mutane.

Bincike kafin aiki

Mai son yin kaya na gaskiya ba ya fara da masaba. Da tambaya yake farawa: wace ƙasa? Wace shekara? Wane irin mutum, sarki ko talaka? Kayan shekara ta 1066 dabam suke da na shekara ta 1400. Wanda ya gauraya su ya yi kamar mai zanen da ya ɗora wa Bayajida agogon hannu.

Hanyoyi uku ake bi a san gaskiya.

Hanya ta farko ita ce zane-zanen mutanen zamanin. A garin Bayeux na Faransa an daɗe ana ajiye wani ƙyalle mai tsawon kusan mita 70, faɗinsa kuwa wajen rabin mita. An yi masa ado da zaren ulu. Yana ba da labarin yadda Giyom, shugaban Normandi, ya ƙetare teku ya ci Ingila a 1066. A jikinsa ana ganin mahaya da sulke har gwiwa. Kwalkwalinsu mai tsini ne, da ɗan ƙarfe da ya sauko ya rufe hanci. Garkuwarsu doguwa ce, mai faɗi a sama, mai tsini a ƙasa.

Hanya ta biyu ita ce kayan da aka tono daga ƙasa. A shekara ta 1361 an yi yaƙi a bakin ganuwar garin Visby, a wani tsibiri na Suwidin. An binne mamata da yawa a manyan ramuka, wasunsu da kayan yaƙinsu a jiki. A ƙarni na 20 masana suka tone ramukan. Suka sami sulke, da safar hannu ta ƙarfe, da riguna masu faifan ƙarfe a ciki. Maƙeran yau suna auna su, suna kwaikwayo.

Hanya ta uku ita ce rubuce-rubuce. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwalin ƙarfe a ƙasar Hausa. Ya yi haka ne domin an kashe masa mayaƙa da yawa a wani yaƙi.

Yadda ake ƙera sulke

Sulke riga ce ta ƙarfe. Da Faransanci ana ce masa cotte de mailles. An san shi fiye da shekara 2000 da suka wuce, kuma Alƙur'ani ya ambaci Annabi Dawuda da wannan sana'a. Ba saƙa shi ake yi da zare ba. Ƙananan zobba ne ake sarƙa wa juna, ɗaya bayan ɗaya. Ga yadda aikin yake tafiya:

1. Maƙeri ya buge ƙarfe har ya zama siriri. Sai ya jawo shi ta cikin ƴan ramukan wani faifan ƙarfe, daga babban rami zuwa ƙarami, har ya koma waya.
2. Ya naɗe wayar a jikin sandar ƙarfe mai kaurin fensir.
3. Ya yanka naɗin. Kowane zagaye ya zama zobe buɗaɗɗe, faɗinsa bai wuce santimita ɗaya ba.
4. Ya ɗora bakin zoben biyu a kan juna, ya buge su da masaba su yi faɗi.
5. Ya huda ɗan rami a wurin da suka haɗu.
6. Ya sarƙa zoben cikin zobba huɗu, ya sa ƴar ƙusa a ramin, ya matse da awartaki.

Ku lura da wannan: kowane zobe yana riƙe da zobba huɗu, biyu sama, biyu ƙasa. Shi ya sa sulke yake lanƙwasa kamar ƙyalle, amma takobi ba ya yanka shi da sauƙi. Ku lura da ƙusar kuma. In babu ita, tsinin mashi zai buɗe zoben ya shige. Akwai sulke mai araha da ake sayarwa a yau, wanda aka haɗa bakin zobbansa kawai ba ƙusa. Daga nesa yana da kyau. Amma mayaƙan Turai na zamanin tsakiya ba irinsa suke sawa ba, don haka masu kula da gaskiyar tarihi ba sa son sa.

Riga ɗaya takan ci zobe fiye da dubu 20. Nauyinta yakan kai kilo 10, wani lokaci ya fi. Kafaɗu ne ke ɗaukar nauyin, don haka mayaƙi yakan ɗaura ɗamara ta fata, ƙugu ya ɗauki wani kashi. Babban abokin gaban sulke shi ne tsatsa. Mutanen da sukan sa shi cikin ganga da yashi, su yi ta mirgina gangar har ya yi haske, sannan su shafa masa mai.

Sulke yana da tsada ƙwarai, domin aikin watanni ne. A ƙasar Hausa da Barno, da yawansa fatake ne suka kawo ta hamada, daga Masar da arewacin Afirka. Sai sarki da manyan bayinsa da jarumawansa ke samun sa.

Rigar da ake sawa a ƙarƙashi

Sulke yana hana yanka, amma ba ya hana zafin duka. In aka bugi mutum da gatari ko kulki, ƙashinsa na iya karyewa ko da zobba ba su tsinke ba. Saboda haka mayaƙan Turai suna sa wata riga mai kauri a ƙarƙashi. Sunanta gambison da Faransanci. Ana jera ƙyalle bisa ƙyalle, ko a cusa ulu ko auduga tsakanin ƙyalle biyu, sannan a bi da ɗinki layi-layi don kada cikin ya zube wuri ɗaya. Talakan soja da ba shi da kuɗin sulke, da ita kaɗai yake shiga yaƙi.

Wannan dabara ita ce ta lifidi. Maɗinki yana cusa audugar rimi tsakanin ƙyalle biyu, ya danne ta, ya ɗinke. Yana yi wa mahayi riga. Yana yi wa doki tasa, wadda ta rufe wuya da ƙirji da gadon baya har ƙasa da ciki. A waje kuma ya jera ƙyallaye ja da fari da shuɗi da rawaya. Amfanin lifidi shi ne tare kibiya, musamman mai dafi: sai ta maƙale cikin audugar ba ta kai ga fata ba. Amma yana da aibu biyu. Yana da nauyi da zafi, doki ba ya gudu sosai da shi. Kuma audugar rimi tana saurin kama wuta.

Daga ƙarni na 14 maƙeran Turai suka ƙara wani mataki. Suka riƙa buge faifan ƙarfe daidai ƙirji, da hannu, da ƙafa. A ƙarni na 15 mahayi yana iya rufe jikinsa duka da ƙarfe. Nauyin kayan kilo 20 ne zuwa 25, amma a rabe yake ko'ina a jiki. Masu kwaikwayon tarihi sun gwada sun gani: mai sanye da su yana iya gudu, ya hau doki, ya faɗi ya tashi da kansa. Sharaɗi ɗaya ne, a ƙera su daidai jikin mai su.

Tufafi da takalma

Ba mayaƙa kaɗai ake kwaikwaya ba. Akwai manoma, da mata masu kaɗi da saƙa, da yara. Tufafin yawancin mutanen Turai na zamanin na ulu ne, wato gashin tumaki, da na zaren wata shuka da ake kira lin. Ba a yarda a sa leda ko nailan ba. Ba a yarda da zif ba, domin sai a ƙarni na 20 ya yaɗu. Keken ɗinki ma sai a ƙarni na 19 ya fito, saboda haka duk ɗinkin da ido zai gani, da allura da hannu ake yin sa.

Launi ma daga tsirrai yake fitowa. Saiwar wata shuka tana ba da ja. Wata tana ba da rawaya. Shuɗi kuwa daga ganyen wata shuka mai suna pastel ake samun sa. Abin da ke cikin ganyenta shi ne ke cikin baba, wanda marinanmu suke jiƙawa a karofi.

Takalmi na fata ne, marar dunduniya mai tudu. Baduku yana ɗinka shi a juye, ciki a waje. In ya gama sai ya jiƙa shi, ya juyo shi, ɗinkin ya ɓuya a ciki.

Abu ɗaya ne ake canjawa da gangan: makamai. Takobin wasa ba shi da kaifi, mashi ba shi da tsini. Akwai kuma alƙalan fili masu duba kayan kowa kafin a fara. Tarihi ake son a nuna, ba jini ake son a zubar ba.

Me ya sa za mu kula?

Bindiga ce ta kashe kasuwar waɗannan kaya. Harsashi yana huda lifidi, yana huda sulke. A Damagaram, Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi, har ya sa aka ƙera igwa a cikin birni. Da ƙarni na 20 ya shigo, lifidi ya bar fagen fama ya koma fagen salla. Barden Zarmakwai na Doso ma sun yi suna da irin wannan shiga a ranakun biki.

Abin da ba a amfani da shi kullum, saurin mantuwa gare shi. In tsohon maɗinki ya rasu bai koya wa kowa ba, sai na baya ya cusa soso a maimakon audugar rimi. Bayan shekaru, yara za su ɗauka da soso kakanninsu suka yi yaƙi. Shi ya sa ake ajiye tsofaffin kaya a gidajen tarihi, kamar Gidan Makama a Kano, da Gidan Tarihi na Bubu Hama a Yamai, wanda aka kafa a 1959. Amma ajiya kaɗai ba ta isa ba. Sana'a a hannu take zaune. Sai an tambayi masu ita, an zauna kusa da su, an gwada.

Ma'anar kalmomi

Sulke: rigar yaƙi ta zobban ƙarfe.
Lifidi: rigar yaƙi mai cushe da audugar rimi, ta mahayi da ta doki.
Kwalkwali: hular yaƙi.
Awartaki: abin da maƙeri yake kama ƙarfe da shi.
Igwa: babbar bindiga mai harba dunƙulen ƙarfe.
Ƙarni: shekara 100.

Tambayoyi

1. Waɗanne hanyoyi uku ake bi a san kayan mutanen da?
2. Zobba nawa kowane zoben sulke yake riƙe da su?
3. Me zai faru in ba a sa wa zobe ƙusa ba?
4. Faɗi amfanin lifidi ɗaya da aibunsa biyu.
5. Don me ba a yarda da zif a tufafin kwaikwayon tarihi ba?
6. Lissafi: a ce wani sulke yana da zobe dubu 25, maƙeri kuma yana haɗa zobe 250 a yini. Kwana nawa aikin zai ɗauke shi?

Aiki

Ku yanka takarda siriri-siriri, ku yi zobba 25. Ku sarƙa su yadda kowane zobe na tsakiya zai riƙe huɗu. Daga nan ku je rukuni-rukuni wurin maƙeri, ko baduku, ko maɗinkin kayan doki na garinku. Ku gaishe shi da ladabi. Ku tambaye shi sunayen kayan aikinsa, da wanda ya koya masa, da abin da ya canja tun yana yaro. Ku rubuta amsoshinsa cikin littafinku da Hausa, ku kawo wa malam a karanta a aji.