Idanu Biyu, Gani Ɗaya

Matafiyin da ya taso daga Kurfi ya nufi Dutsin-Ma, in ya hango dutsen nan da garin ya ci sunansa, dutse ɗaya yake gani. Alhali kuwa hotuna biyu ne suka shiga kansa, ɗaya ta idon dama, ɗaya ta idon hagu, kuma ba daidai suke ba, domin akwai ratar kimanin inci biyu da rabi tsakanin idanun baligi. Mai son ya tabbatar sai ya miƙa hannu ya ɗaga babban yatsa, ya saita shi da dutsen. In ya kafa wa dutsen ido, yatsan zai rabu biyu. In ya dawo da kallonsa kan yatsan, dutsen ne zai rabu. Watau abin da idanun suka haɗu a kansa, da abin da ke daidai da shi a nisa, su ne ke fitowa ɗaya.

Dalili kuwa shi ne, a tsakiyar tantanin da ke bayan kowane ido akwai wani ɗan gurbi inda gani ya fi kaifi. Ƙwaƙwalwa ba ta iya haɗa hotunan nan biyu sai abin da ake kallo ya faɗo a kan gurbin nan a idanun duka, a lokaci guda. Aikin kai shi can yana wuyan tsokoki shida da ke riƙe da kowace ƙwayar ido: huɗu miƙaƙƙu masu ja sama da ƙasa da ciki da waje, biyu kuma karkatattu masu murɗa ƙwayar. Jijiyoyi uku daga ƙwaƙwalwa ke ba su umurni, watau ta uku da ta huɗu da ta shida a jerin jijiyoyin kai.

Motsin iri biyu ne. In ɗalibi yana bin layi a littafi, idanunsa na tafiya gefe ɗaya tare, kamar shanun huɗa a ƙarƙashin karkiya guda. In kuwa ya ɗaga kai daga littafin ya dubi allo, sai su buɗe, su kusa zama miƙe. Ya sake sunkuyawa, su karkato wajen hanci. Wannan na biyun shi ne tela ke dogara da shi wajen zura zare a kafar allura, shi ya sa in ya rufe ido ɗaya sai ya yi ta kuskure. Ewald Hering, wani masani Bajamushe, ya bayyana a 1868 cewa umurni ɗaya ne ke zuwa wa idanun biyu, kamar linzami ɗaya a bakin dawaki biyu. Amma ba shi ya fara lura ba. Ibn al-Haisam, mutumin Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya riga ya rubuta a cikin Kitabul Manazir cewa idanu tare suke motsi, har ya yi gwaji da katako don nuna inda abu ke rabuwa biyu. A 1838 kuma Charles Wheatstone na Ingila ya nuna cewa ɗan bambancin da ke tsakanin hotunan biyu, shi ne ƙwaƙwalwa ke auna nisa da zurfi da shi.

To, in daidaiton nan ya ɓaci fa? Baligin da ido ɗaya ya kauce masa farat ɗaya zai riƙa ganin komai biyu-biyu. Ciwon sukari da hawan jini da buguwar kai a haɗarin babur duk suna iya taɓa ɗaya daga cikin jijiyoyin nan uku, saboda haka irin wannan ba abin kwana da shi a gida ba ne.

Lamarin yaro dabam ne, kuma ya fi ban tsoro, domin shi ba ya kuka da komai. Ƙwaƙwalwarsa ɗanya ce. Da ta ga hotuna biyu sun ƙi haɗuwa, sai ta yi watsi da na idon da ya kauce. Ido lafiyayye ne, amma a hankali ganinsa ya dushe don ba a aiki da shi. David Hubel da Torsten Wiesel, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 1981, sun nuna da gwaji a kan 'yan kyanwa cewa idon da aka rufe a farkon rayuwa yana rasa rabonsa a ƙwaƙwalwa, rufe idon babbar kyanwa kuwa ba ya yin wannan ɓarna. Abin takaici, sunan da aka fi sani, harara-garke, na zolaya ne, kuma sau da yawa iyaye kan ce ai haka Allah ya yi shi, ko kuma zai warware in ya girma. Gaskiya ne idon jariri kan yi yawo a watannin farko. Amma wanda ya wuce wata shida ido bai zauna ba, a kai shi a duba, balle in an ga fari-fari a tsakiyar baƙin idon, domin wannan na iya zama yana, ko ma ciwon daji.

Maganin ba mai wuya ba ne in an zo da wuri. Wani yaron tabarau kawai yake bukata, saboda ƙoƙarin ganin abu na kusa ne ke jawo idonsa ciki. Wani kuma a rufe masa idon mai ƙarfi na 'yan sa'o'i kullum, don a tilasta wa raunannen aiki. Wani sai an yi masa aiki, a sassauta wata tsoka ko a ɗaure ta, kamar yadda ake yi a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Amfanin rufe idon yana raguwa ƙwarai bayan shekara bakwai ko takwas, watau wajen aji biyu ko uku na firamare. Malamin aji ɗaya a Kurfi ko Dutsin-Ma yana iya gane yaron tun kafin nan: ya sa shi ya kalli alli, ya rufe masa ido ɗaya da tafin hannu, ya duba ko ɗayan zai yi tsalle kafin ya kama allin.