Waken da ƙwaro ya ƙi ci

A kasuwar Dakoro, ko ta Kornaka ko Sakabal, mai sayen wake yakan zura hannu cikin buhu ya ɗebo, ya duba ko akwai huda. In ya ga ƙwaya sumul, sai ya ce a auna masa tiya biyu. Da kaka wannan dubawa ta wadatar. Amma waken da ya yi wata biyar ko shida a ajiye, ya ratsa zafin bazara babu huda ko ɗaya, lalle akwai abin da ya tsare shi, kuma mai ci yana da haƙƙin sanin ko mene ne. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi gida, in aka bar shi wata biyu ko uku sai buhu ya koma gari da wari.

Hanyar da ta fi sauƙi ga mai ajiya ita ce guba. Wasu suna yayyafa fiya-fiya, wato maganin da ke ɗauke da sinadarin dichlorvos, wanda ba a yi shi don zubawa a kan abinci ba. Wasu suna jefa ƙwayar Phostoxin cikin buhu, alhali iskar da take fitarwa sai a rufaffen sito, a hannun wanda ya san aikin. Mu kuwa, sau da yawa buhun yana jingine a ɗakin da yara ke kwana. Ƙungiyar RECA ta manoman Nijar ta sha bayyana cewa akasarin magungunan ƙwari da ke kasuwanninmu ba su da amincewar kwamitin CILSS mai tantance su. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan dichlorvos da aka samu a cikinsa. Kada mu ce wannan matsalar maƙwabta ce: Nijar ce ta biyu a noman wake a duniya bayan Najeriya, wakenmu yana gangarawa har Dawanau ta Kano, maganin kuma yana hawowa ta hanyar da waken ya bi. Turawa sun ƙi saye domin suna da na'urar gwaji. Mai ƙosai a Dakoro hancinta kawai take da shi.

Abin takaicin shi ne mafita tana nan tun tuni. Buhun PICS ne, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, aka fara yaɗa shi a 2007, kuma masu bincike na cibiyar INRAN a Maraɗi, irin su Ibrahim Baoua, suna cikin waɗanda suka gwada shi. Leda biyu ce masu kauri a cikin buhun saƙa. A shanya wake ya bushe ƙayau, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowane baki daban. Ƙwaron da ke ciki ya shaƙe ƴar iskar da ta rage, ya daina ci, ya mutu. In ba a bari ɓera ko ƙaya ta huda ledar ba, buhu ɗaya yana iya yin kaka uku.

To me ya hana kowa amfani da shi? Mai saye bai taɓa tambaya ba. Muddin waken guba da waken leda kuɗinsu ɗaya, ɗan kasuwa zai bi mai araha, kuma ba mugunta ce ta sa shi ba, lissafi ne. Za a ce talaka ba ya da zaɓi, abin da aljihunsa ya kai shi yake saye. Gaskiya ne, sai dai buhun PICS na kilo 100 yana cin wajen tiya 40, in aka raba kuɗinsa a kansu, aka sake rabawa kaka uku, abin da zai hau kan tiya ɗaya bai kai kuɗin zuwa likita sau ɗaya ba. Za a kuma ce mai sayarwa yana iya yin ƙarya, ko ya zuba magani a cikin ledar ma. Yana iyawa. Amma a gari kamar Dakoro ciniki na sanayya ne, wanda aka kama sau ɗaya labarinsa zai riga shi zuwa kasuwa ta gaba. Masu ƙosai da ɗanwake da masu dafa wa ɗalibai abinci, da suke saye buhu-buhu, su ne maganarsu ta fi nauyi.

Akwai masu cewa aikin hukuma ne. Nata ne, kuma a ci gaba da matsa mata, amma iyaka tana da tsawo, jami'ai kaɗan ne, ba za su tsaya kan kowane buhu ba. Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na ledar kanta, domin nan ƙasar kiwo ce, daga kwarin Tarka zuwa Bermo, kuma leda tana kashe dabba in ta haɗiye. Wadda ta huje a ajiye ta don shimfiɗar shanya ko rufin rumbu, kada a yar a daji.

Saboda haka ranar kasuwa mai zuwa, kafin a auna maka, tambayi mai wake: da me aka ajiye shi? In ya ce leda, ce ya kwance bakin buhun a gabanka.