Gwajin CRP: Ƙararrawa Ce, Ba Sunan Cuta Ba

Duk wanda ya saba bin Titin Zariya ta Gyaɗi-Gyaɗi ya san yadda ɗakunan gwajin jini da kantunan magani suka yi wa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ƙawanya. Sau da yawa za ka ga mutum ya karɓi sakamakon gwaji a wannan ƙofa, ya faɗa kyamis a ƙofa ta gaba, alhali likita bai ko ga takardar ba. Cikin gwaje-gwajen da ake yi wa irin wannan gurguwar fahimta akwai CRP.

CRP sinadari ne da hanta ke sakowa cikin jini idan kumburi ya tashi a wani sashe na jiki. William Tillett da Thomas Francis ne suka gano shi a 1930 a birnin New York na Amurka, a jinin masu ciwon huhu. Ga mai lafiya, yawanci ba ya wuce miligiram 5 a kowace lita. Idan cuta ta kama, yakan fara hawa cikin awa 6 zuwa 8, ya kai ƙololuwa wajen kwana biyu, wani lokaci har ya haura 100. Idan an samu sauƙi kuma yakan sauko da wuri, domin rabinsa na gushewa cikin kimanin awa 19. Shi ya sa likita kan maimaita gwajin, don ya ga ko magani na aiki.

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. CRP na tabbatar da tsamin, amma ba ya faɗin musabbabinsa. Zazzaɓin cizon sauro, tarin fuka, amosanin gaɓɓai, rauni da tiyata duk suna ɗaga shi. Hatta ƙiba da shan taba kan ɗan motsa shi.

A nan haɗarin yake. Uban da ya ga lamba ta hau, ya saya wa ɗansa maganin kashe bakteriya alhali maleriya ce ke cin yaron, ya yi asara biyu: ya jinkirta maganin gaskiya, ya kuma taimaka wa ƙwayoyin cuta su koyi bijire wa magani.

Saboda haka, mai karatu, mayar da takardar ga likitan da ya rubuta gwajin, ka tambaye shi: daga ina kumburin yake, kuma wane bincike ya rage? Matambayi ba ya ɓata.