Me ya sa kwamfuta ke nacin a yi mata ristat?

Saura kwana biyu in kai wa sufabaiza babi na huɗu na furojet ɗina, ina gida a Bunkure, sai laftof ɗina ta kama shigar da afdet. Ba wuta, batir saura kaɗan. Wallahi da gudu na kai ta shagon caji. Laifina ne kuwa, don sati biyu tana neman ristat ina ce mata sai anjima.

Duk wanda ya taso a yankinmu na Kura da Bunkure, inda ruwan Tiga ke ciyar da shinkafa da tumatir, ya san ba a canza wa injin ban ruwa fulogi yana cikin aiki. Sai an kashe shi. To haka Windows take. Tana kunnuwa, zuciyar manhajar da direbobinta suna hawa RAM, fayilolinsu kuma a kulle suke muddin ana amfani da su. Afdet ɗin zai sauko ya zauna gefe yana jira. Sai lokacin ristat ake cire tsofaffin a sa sababbin. Shi ya sa afdet ɗin burauza ba ya buƙatar haka, rufe ta ka buɗe ya wadatar.

Jinkirin yana da haɗari. Microsoft na fitar da gyaran tsaro ranar Talata ta biyu a kowane wata, kuma da yawansu ba sa fara aiki sai an yi ristat. A watan Mayun 2017 WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe wajen 150, har da na asibitocin Ingila, alhali gyaran ya fito tun watan Maris.

Wani abin da yawancinmu ba mu sani ba: tun daga Windows 8, idan Fast Startup na kunne, danna Shut down ba ya sauke zuciyar manhajar gaba ɗaya, ajiye ta yake yi don tashi da wuri. Restart ne ke tayar da komai sabo.

Shawarata, 'yan uwana ɗalibai: ku yi sebin, ku kwafi furojet a filash, ku jona caji, sannan ku danna Restart da kanku. In difens ya matso, ku shiga Windows Update ku danna Pause na sati ɗaya. In kuwa ta riga ta fara, kada ku kashe ta da ƙarfi, fayilolin na iya lalacewa ta ƙi tashi. Ni yanzu daren Juma'a na ware mata.